Ƙwallon da Ya Tsaya Gaisuwa

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu haushinsa ke tokare da maƙogwarona, kuma in ban amayar da shi ba, abincin rana ma ba zai wuce ba.

Na ga kaina a bakin wata doguwar rumfa, rana tsaka, rungume da ƙwallon mahaifina. Bari in fara gaya muku ko wane ne ƙwallon nan, don kada ku zaci irin na roba ne da yara ke bugawa a lungu. Baba Jatau, Allah ya jiƙansa, yana saurayi ya yi aiki a wani kulob na Turawan haƙar kuza. Akwai wasan da suke yi a can: a jera kwalabe goma na katako a ƙarshen wani dogon daɓe mai santsi, mutum ya tsaya daga nesa ya gangaro ƙwallo mai nauyi, wanda ya fi kayar da kwalabe shi ya ci. Aikin Baba shi ne tayar da kwalaben in sun faɗi. Da Turawan za su tafi, ɗayansu ya bar masa ƙwallonsa. Baƙi ne wuluk, nauyinsa kamar tulu cike da ruwa, yana da ramuka uku na zura yatsu. Baba ya raɗa masa suna Dattijo, yana shafa masa man kaɗanya duk Juma'a, kuma bai taɓa yarda yaro ya zauna a kansa ba. Ranar rabon gado 'yan'uwana suka yi ta ja-in-ja a kan gona da keke, ni kuwa na ce Dattijo za a ba ni. Har gobe suna min dariya. Su yi ta yi.

To, shi na rungumo a mafarkin, kuma na san gasa na zo, kodayake ban san wanda ya gayyace ni ba.

A ƙofar rumfar takalma ne zaune jere a kan benci suna gwada mutane. Duk wanda ya zo sai ya miƙa ƙafa, takalmi ya leƙa, ya shinshina, in bai yi masa ba ya kau da kai. Wani ja da fari ya gwada ni ya ce na yi masa yawa. Na kusa da shi ya ce na yi masa kaɗan. Can dai wasu guda biyu, duka na hagu, suka ce za su lallaɓa da ni haka nan don Allah. Ni Sallau, da furfurata da iyalina, takalmi ke min alfarma! Na haɗiye, don ba faɗa na zo yi ba.

Sai ga ni a ciki. Cikin rumfar ya fi wajenta faɗi. Daɓen na katako ne, an malale shi da man shanu yana ta ƙyalli. 'Yan kallo na zaune a jikin rufi, kai a ƙasa kamar jemagu, kuma ba wanda hularsa ta faɗo. Al'adarsu ita ce su yi tafi kafin a yi jifa, in an gama kuma su yi tsit. Alƙalin wasa talo-talo ne, yana kan doguwar kujera, da usur rataye a jan wuyan nan nasa. Ya dubi abin da ke hannuna ta ido ɗaya.

"Wannan fa?"

"Ƙwallo ne, ranka ya daɗe."

"Shekarunsa nawa?"

"Ya girme ni."

"Ni ma ya girme ni," in ji talo-talo, ya kumbura, "kuma ba na son abin da ya girme ni a wurin aikina. Saurara da kyau. A nan jifa uku ake yi. Ƙwallon da ya yi jifa uku bai kayar da kwalba ko ɗaya ba, ya tashi daga ƙwallo ya koma dutse. Dutse kuwa ga mai shi can."

Ya nuna kusurwa da fiffike. Wani ƙato ne zaune a ƙasa, guduma a cinyarsa, gefensa tulin tsakuwa mai launi iri-iri. Ya ɗago min hannu cikin fara'a.

"Sannu da zuwa, Malam. Ni ba ni da gaba da kowa. Rami ne a titi ke jiran ciko."

Ƙwallon da Baba ke shimfiɗa wa tsohon bargonsa, shi za a farfasa a cike rami, manyan motoci su riƙa bi ta kansa? Na juya zan fita, takalman suka ƙi. Na hagu ya ce su sai an tashi. Ɗaya na hagun ya ce shi ma haka.

Abokin karawata ba kowa ba ne illa Nazifi, ɗan ƙanwata, yaron da na goya a kafaɗa zuwa kallon dambe. Shi ne kwanaki ya shigo ɗakina ya dubi ƙwallon kakansa ya ce, "Kawu, wannan ai sai gidan tarihi." Ga shi nan tsaye da nasa, kore shar, yana walƙiya, yana ƙamshin lemon zaƙi. Wai ƙwallo da turare.

Aka yi tafi. Nazifi ya ɗan ruga, ya murɗa hannu, ya saki. Ƙwallon nan ya tafi a guje, ya yi kwana kamar ɗan acaɓa, ya afka wa kwalaben ba sallama ba komai. Tara suka tarwatse. Kafin su gama nishi sai wata ƙatuwar tsintsiyar ƙarfe ta sauko daga sama, ta share su duka, har da wadda ke tsaye, ta tura su cikin wani rami mai duhu. Jim kaɗan aka sauko da su aka sake jerawa, suna gyara jajayen ɗamarar da ke wuyansu. Na ji ta gaba tana cewa, "Yaran zamani."

Aka zo kaina. Na zura yatsu uku, na ji sanyin ramukan, na yi bismillah na saki.

Dattijo ya kama hanya ɗoɗar, sannu a hankali, kamar mai tafiya masallaci da sauran lokaci. A tsakiyar daɓe ya dakata wata kaza ta wuce da 'ya'yanta. Da ya isa gaban kwalaben, saura taki ɗaya, sai ya tsaya cak, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, Baba!" suka amsa gaba ɗaya, sai duk goman suka zube suka durƙusa.

"Ina wuninku?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya tsayuwa?"

"Da godiya, Baba."

Ya dubi ta gaba. "Ke 'yar gidan wa ce? Kamar na san wannan wuyan."

"Jikar wadda ke tsayawa gaba ce a kulob ɗin kuza, Baba."

"Allah sarki! Na san kakarki. Mun sha haɗuwa. Mace mai haƙuri."

Ya sa musu albarka, ya kewaye su ta gefe don kada ya taka wa wata ɗamara, ya shiga ramin da kansa. Can sai ga shi ya ɓullo ta wani bututu kusa da ƙafata, inda ƙwallaye ke dawowa wa masu su. Daɗi ya kama ni. Na ɗaga hannu sama na ce, "Goma!"

Talo-talo ya hura usur. "Babu ko ɗaya."

"Kamar yaya babu ko ɗaya? Ranka ya daɗe, da idonka ka ga sun kai ƙasa!"

"Durƙuso ba faɗuwa ba ne."

"To ai nawa sun fi na yaron nan yawa! Shi tara, ni goma, kuma ba wadda ta ji ciwo."

"Nasa sun faɗi ba da son ransu ba. Shi muke ƙirgawa."

Kun ji fa. Ƙasar da ladabi ba ya shiga lissafi, rashin kunya kuwa a ba shi maki tara. Na buɗe baki zan faɗa masa abin da ake yi da irinsa ranar biki, sai na tuna da mai guduma, na mayar da maganata ciki.

Ban san yadda aka yi ba, sai ga mu a teburin mai shayi, ni da Nazifi, a tsakiyar wani kogi da ruwansa ke tsaye, gaɓar ce ke gudu. Mai shayin ya karɓi kofunanmu cike ya juye a buta, ya miƙo mana su wayam, ya ce a sha lafiya. Nazifi ya kurɓi nasa.

"Kawu, in faɗa maka gaskiya?"

"Yaushe ka fara neman izini?"

"Kai ne kake sakinsa da ladabi. Ka ba shi lokaci ya yi tunani. Ƙwallo ba a barinsa ya yi tunani. Ka murɗa hannu, ka wurga shi da ƙarfi, ya isa can kafin ya tuna ko shi wane ne."

"Ƙwallon kakanka kake faɗa wa haka?"

"Kawu, ni fa taimakonka nake yi. Kaka ya yi zamaninsa."

Na ajiye kofin da ƙarfi. Na ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce shi ba rimi yake hawa ba, maki yake ci. Mai shayi ya ce duk mu biyun muna da gaskiya, amma a tashi a ba shi bencinsa zai je ya sha ruwa.

Sai ga mu a rumfa kuma. Nazifi ya riga ya yi jifansa na biyu, ana share gawarwaki. Na tsuguna na kai bakina kusa da Dattijo.

"Dattijo, don girman Allah, ko ɗaya ce ka taɓa. Ko da kafaɗa ne. Ka ga mutumin can da guduma?"

"Na gan shi. Ya gaishe ni ɗazu. Yana da tarbiyya."

"Fasa ka zai yi!"

"Sallau, yaran nan sun durƙusa min. In bangaje mai durƙuso?"

"A da can ba ka bugunsu ne?"

Ya ce, "Ina bugunsu. Amma lokacin Jatau na tsugune a bayansu. Duk wadda na kayar, na san akwai hannun da zai ɗaga ta, ya share mata jiki da gefen rigarsa, ya tsayar da ita. Yanzu kai ma ka ga abin da ke kwasarsu."

Sai na juya kan kwalaben. Na kewaye baki da hannu na ƙwala musu kira: "Ku 'yan mata! In ya zo kada wadda ta gaishe shi! Ku tsaya ƙiƙam!"

"Haba Malam," in ji ta gaba, "so kake a ce ba a haife mu a gida ba?"

Aka yi tafi, na saki. Wannan karon tun daga nesa suka shimfiɗa masa tabarma, wata ta kawo ruwa a moɗa. Ya zauna. Ashe biyun da ke kusurwoyin baya, ta dama da ta hagu, sun shekara ba sa ga-maciji, sai suka kawo ƙara gabansa. Ya saurari wannan, ya saurari waccan, ya yi musu nasiha a kan zumunci, har suka yi kuka suka yafi juna. Ni ina nan tsaye gumi na keto min, ana neman ransa, shi yana can yana sulhu.

Da zai tashi, wata 'yar siririya a layin baya ta leƙo ta dube ni, ta dubi mai guduma, ta gane halin da ake ciki. Sai ta ce, "Wayyo kaina," ta sulale ta faɗi rigingine. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka duk inda take.

"Ɗaya!" na yi ihu. "Ga ta can a kwance! Ɗaya!"

Talo-talo ya miƙa wuya, ya daɗe yana kallo. "Wannan suma ce."

"Suma ba faɗuwa ba ce?"

"Suma ta asibiti ce. Mu nan wasa muke yi."

Jama'a, ina mutum zai kai wannan ƙara? An durƙusa, an ce ba a faɗi ba. An faɗi, an ce suma aka yi. Na tabbata tun da tsuntsun nan ya ji Dattijo ya girme shi ya yanke hukuncinsa, sauran duk cika baki ne. Na waiga kusurwa, na ga ƙaton ya miƙe tsaye, ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafinsa yana murzawa. Daga rufi 'yan kallo suka ɗauki waƙa: "Dutse! Dutse! Dutse!" Wani ma ɓawon rake ya jefo min, ɓawon ya tashi sama ya dawo masa.

Saura jifa ɗaya. Na ɗauki Dattijo.

"Sallau," ya ce a hankali, "kada ka damu. Kowa da ranarsa. Rami ma wuri ne."

Wannan maganar ita ta ƙarasa ni. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, wallahi ba a gabana ba, ba ina numfashi ba. Na ja da baya har bango, na rugo da takalman hagu biyu, na murɗa hannu yadda yaron nan ya faɗa, na wurga shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Ban taɓa sanin Dattijo na da wannan gudun ba. Ya tafi yana juyi yana gurnani, man shanu na fallatsa hagu da dama. Na ji yana ƙoƙarin yin sallama, juyin na yanke masa ita gunduwa-gunduwa. Kwalaben kuwa da suka hango shi, ba su san komai ba, suka fara zubewa ƙasa kamar yadda suka saba. Ta gaba ta sunkuyar da kai, ta buɗe baki ta ce, "Sannu da daw..."

A durƙushe ya same su. Ƙarar ta cika rumfar. Goman nan suka watse, wata ta bugi bango, wata ta tashi sama, 'yar siririyar da ta yi min suma ta yi ta juyi a ƙasa ita kaɗai kafin ta tsaya.

Aka yi tsit, kamar yadda al'adarsu take. Talo-talo ya hura usur.

"Goma. Wannan ita ce faɗuwa. Ƙwallo ya tabbata ƙwallo."

Mai guduma ya sauke hannun rigarsa, ya koma ya zauna. Bai dube ni ba ya ce, "Ni dai ko dutse zan fasa, sai na bari ya gama magana."

Na hango Dattijo can ƙarshen daɓe, tsaye a tsakiyarsu. Ya gangara wajen ta gaba ya tura ta da goshi don ya tayar da ita, ta mirgina ta yi gaba. Ya je wajen 'yar siririyar, ita ma ta mirgine. Ya bi wannan, ya bi waccan, duk wadda ya taɓa sai ta ƙara nisa. Sannan ya juyo da ramukan nan uku ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, amma na ji shi kamar a kunnena yake.

"Sallau, ni ba ni da hannu."

Na zabura zan je in ɗaga su. Usur ya tashi, wai an hana ɗan wasa tsallake layi. Na ce a hana uban layin. Na taka daɓen, takalman hagu suka karkata da ni hagu, na zagaya na dawo inda na taso. Na sake, suka sake dawo da ni. Ina cikin wannan zagayen tsintsiyar ƙarfe ta sauko. Dattijo bai kauce ba. Ya tsaya a gabansu, ta haɗa da shi da su ta tura cikin ramin.

Nazifi ya dafa kafaɗata yana washe baki. "Ka gani, Kawu? Ba na gaya maka ba?"

"Ɗauke hannunka."

Aka kawo min kofin gasa, wani ƙaton abu mai hannu uku da ba shi da gindi. Na ce su ajiye shi a kan talo-talo. Na je bakin bututun nan na durƙusa, na tara hannu ina jira. Koren ƙwallon Nazifi ya fito yana ƙamshi. Wani ja ya fito. Kankana ta fito, sannan kabewa, sannan kazar ɗazu da 'ya'yanta. Dattijo bai fito ba.

"Ranka ya daɗe, ina ƙwallona?"

"Ƙwallonka ya ci," in ji talo-talo yana gyara fiffike. "Ba mai taɓa shi yanzu. Dawowa kuwa ba ta cikin doka. In ya ga dama."

"Ku kuka sa ni! Kai da dokarka da gudumarka!"

"Mu doka muka faɗa. Hannun naka ne."

Na sa bakina a bututun na kira shi. Na ce ya yi haƙuri, don shi na yi, in ban da haka da yanzu yana cikin tulin tsakuwa. Na ce ya fito mu tafi gida, ba zan ƙara kai shi ko'ina ba. Ba amsa. 'Yan kallo suka fara saukowa daga rufi suna tafiya, takalman suka zare kansu daga ƙafata ba sallama, ni dai ina durƙushe da hannu a tare.

Can ƙasa, da nisa, sai na ji wani gurnani mai nauyi, gurum, gurum, gurum, yana tahowa a hankali. Murna ta kama ni. Na ce shi ne, ba wanda ke da wannan tafiyar sai shi. Ƙarar ta yi ta matsowa, na ƙara zura hannu har kafaɗa, na buɗe yatsuna uku.

Sai na farka. Maƙwabcina Ɗanlami ne ke gangara duro wayam ta bayan tagata zai je famfo. Hannuna na lilo a gefen gado, yatsu uku a buɗe. Dattijo yana nan ƙarƙashin gadon, na san yana nan, amma ga shi hantsi ya yi ban iya leƙawa na gaishe shi ba.